Wilbur Wright: mai gyaran keke da ya sassaƙa farfelar jirgin sama

A wannan karo tarihinmu zai kai mu Amurka, wurin wani ɗan kasuwa mai shagon kekuna, wanda shi da ƙanensa suka fara tashi sama da jirgi mai inji.

An haifi Wilbur Wright ranar 16 ga Afrilu 1867 a jihar Indiyana, ya girma a garin Dayton. Mahaifinsa babban limamin coci ne. Yana da shekara 18 aka buge shi da sanda a fuska wurin wasa, haƙoransa na gaba suka zube, zancen zuwa jami'a ya wuce. Ya zauna gida yana jinyar mahaifiyarsa mai tarin fuka har ta rasu a 1889. A 1892 shi da ƙanensa Orville suka buɗe shagon gyara da sayar da kekuna. Da ribar wannan shago suka yi duk aikin jirginsu, ba su ci bashin kowa ba.

Sun ƙware a fukafuki, wani makanikinsu mai suna Charlie Taylor ya ƙera musu inji mai ƙarfin doki 12. Saura farfela, wato abin nan mai juyawa da ke tura jirgi gaba. Sun ɗauka abu ne mai sauƙi: tunda jiragen ruwa sun daɗe da farfela, sai a kwafo lissafinsu. Da suka bincika littattafai, ashe babu lissafin da zai yi musu amfani. Maƙeran jirgin ruwa gwaji suke ta yi har su dace. Mai injin doki 12 kuwa ba ya da ƙarfin da zai zubar a banza.

Watanni suka yi suna gardama a gida da shago. Wani lokaci gardamar takan yi zafi har kowane ya koma ra'ayin ɗan'uwansa, a sake sabon lale. Abin da suka gano shi ne farfela ba komai ba ce illa fiffike mai juyawa. Kuma tunda bakinta ya fi gindinta gudu, kamar yadda bakin faifai ya fi tsakiyarsa zagaye mai nisa, dole a murɗe ta: gindi ya karkata sosai, baki ya kusa kwantawa. Suka manne katako hawa uku na wani icce marar nauyi, suka sassaƙa da ɗan gatari da wuƙar sassaƙa. Guda biyu suka yi, kowace tsawonta ya kai mita 2 da rabi, suka sa su bayan fukafuki. Sarƙa irin ta keke ke juya su, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada jirgi ya karkace. A ganinmu nan ne gwanintarsu ta fi fitowa, ko da yake ba a cika faɗar ta ba.

A bakin teku, kusa da Kitty Hawk, sandunan da ke riƙe da farfelun suka tsage har sau biyu, sai da Orville ya koma Dayton ya ƙero na ƙarfe marar rami. Ranar 17 ga Disamba 1903 Orville ya tashi na daƙiƙa 12 kacal. A tashi na huɗu Wilbur ya yi daƙiƙa 59, ya ci mita 260. Kuɗin da suka kashe bai kai dalar Amurka 1,000 ba. Kwana tara kafin nan, jirgin wani babban masani, Samuel Langley, wanda gwamnati ta ba dala 50,000, ya faɗa kogi.

A watan Agusta 1908 Wilbur ya nuna jirginsu kusa da garin Le Mans na Faransa, waɗanda ke ce musu maƙaryata suka yi shiru. Amma farfelar ba ta gama da su ba. Ranar 17 ga Satumba na wannan shekara, Orville na nuna wa sojojin Amurka jirgi, ya sa sababbin farfelu da suka fi na da tsawo. Suna sama ɗaya ta tsage, ta taɓa wayar da ke riƙe da wutsiyar jirgi, jirgi ya kifo. Hafsan soja da ya ɗauka, Thomas Selfridge, ya rasu, shi ne mutum na farko da ya mutu a haɗarin jirgi mai inji. Orville ya karye a cinya da haƙarƙari. Ƙanwarsu Katharine ta ajiye aikin koyarwa ta zo ta yi jinyarsa. Wilbur na Faransa labari ya iske shi. Bayan kwana huɗu ya koma kan jirgi, ya yi awa ɗaya da rabi a sama bai sauka ba.

Shekarunsa na ƙarshe sun tafi wurin shari'a da masu kwaikwayon fasaharsu, musamman Glenn Curtiss. Bai taɓa aure ba. Zazzaɓin taifot ya kama shi, ya rasu a Dayton ranar 30 ga Mayu 1912 yana da shekara 45. Orville ya rayu har 1948.