Osamu Tezuka: Lokotoron da ya ajiye allura ya ɗauki alƙalamin zane

Yau za mu leƙa ƙasar Japon, mu kawo muku tarihin wani mutum da ya iya sana'arsa fiye da kowa a zamaninsa, amma lissafin kasuwa ya kayar da shi. Sunansa Osamu Tezuka. Sana'arsa ita ce manga, wato labarin da ake bayarwa da zane, hoto bayan hoto, maganar mutane tana rubuce kusa da bakinsu. Ana karanta shi daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke karanta ajami.

An haife shi ranar 3 ga Nuwamba 1928 a Toyonaka, kusa da Osaka, ya girma a garin Takarazuka. Garin yana da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mata zalla, wadda a cikinta mace ce sarki, mace ce jarumi, mace ce kuma budurwar da jarumin yake so. Mahaifiyarsa takan kai shi kallo tun yana ƙarami, kuma abin ya zauna masa a zuciya. Lokacin yaƙin duniya na biyu an tura shi aiki a masana'anta, ya ga ruwan bama-bamai da aka yi wa Osaka a 1945 da idonsa. Bayan nan ya yi karatun likitanci har ya samu takardar izinin duba marasa lafiya, sai dai zane ya fi ƙarfinsa.

Littafin da ya fito da sunansa shi ne Shin Takarajima, a 1947. Yana cikin irin littattafan nan masu araha na Osaka, masu jan bango da takarda maras kyau, waɗanda ake sayarwa a rumfunan alawa da kayan wasan yara. Ƙasa tana cikin yunwa da talauci, amma yara suka yi ta saye, domin hotunansa suna tafiya kamar silima. A 1952 ya fara Tetsuwan Atom, labarin yaron ƙarfe da duniya ta sani da Astro Boy.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya yi wa ƴan mata. A 1953 ya fara Ribon no Kishi a mujallar Shojo Club, ya ci gaba har 1956. Labarin wata ƴar sarki ce mai suna Sapphire. A ƙasarsu mace ba ta gadon sarauta, don haka iyayenta suka rene ta a matsayin namiji, saboda kada kujerar ta faɗa gidan wani mugun basarake. Tana hawan doki, tana riƙe takobi, tana kuma ɓoye son da take yi wa yariman maƙwabciyar ƙasa. Kafin wannan, yawancin abin da ake zana wa ƴan mata gajerun abubuwan dariya ne. Ga shi yanzu an ba su dogon labari, da yarinya a tsakiyarsa, mai sirrin da zai iya halaka ta. Nan ƙarfin labarin soyayya yake: mai karatu ta san abin da yarima bai sani ba, kuma ba ta samun sukuni sai ta sayi fitowa ta gaba. Duk mai sayar da littattafan soyayya a kasuwa ya san wannan ƙaiƙayi na jiran kashi na biyu.

To amma raunin ma a nan yake. A cikin labarin, Sapphire tana da zuciya biyu, ta namiji da ta mace, kuma da zarar an cire mata ta namijin sai ƙarfinta ya kare, takobi ya gagare ta. Mu dai da muke ganin matan da ke riƙe da gida da rumfa tun asuba, wannan bai shige mu ba. Ga kuma yawan katari: wanda ake nema kullum sai ya ɓullo daidai lokacin da ake bukatarsa. Sai a shekarun 1970 ne mata da kansu, irin su Riyoko Ikeda da Moto Hagio, suka karɓi wannan fage suka zurfafa shi.

Yanzu ga batun kasuwa. A 1961 Tezuka ya kafa kamfanin Mushi Production, ranar 1 ga Janairu 1963 kuma Astro Boy ya fara fitowa a talabijin kowane mako. Don ya samu shiga, ya kuma toshe wa abokan hamayya hanya, ya sayar da kowane shiri ƙasa da abin da aka kashe wajen yin sa. Lissafinsa shi ne ribar za ta biyo ta kayan wasan yara da sayar da shirin a waje. Da farko abin ya yi, har Amurka ta saya. Amma mai saye idan ya saba da araha ba ya komawa tsada. Ma'aikata suna kwana a wurin aiki, bashi yana hawa, a 1973 kamfanin ya karye. Bayan rasuwarsa, Hayao Miyazaki ya fito fili ya ɗora masa alhakin karya farashin wannan sana'a.

Mutane sun ɗauka tasa ta ƙare, ga matasa sun fito da zane mai zafi na manya, shi kuma mutum ne mai kishin sana'a, ba ya son a wuce shi. A cikin wannan shekara ta 1973 ya fara Black Jack, labarin wani gwanin tiyata maras takardar izini, mai tsawwala wa attajirai kuɗi, wani lokaci kuma ya yi wa talaka aiki kusan kyauta. Karatun likitancin da aka ce ya yi asararsa, a nan ya biya shi. Kowane kashi gajere ne, rai guda a hannun lokotoro, kuma ba kullum ake tsira ba. Wasu tiyatocin dai ko a mafarki ba za su yiwu ba, amma jama'a suka yafe masa. Haka Ayako, labarin yarinyar da danginta masu gonaki suka kulle a ƙarƙashin rumbu sama da shekara 20 don rufin asirin gida. Yana da nauyi, har a wasu wurare baƙin cikin ya yi yawa.

Akwai abin da ba za mu tsallake ba. A wasu tsofaffin ayyukansa ya zana baƙar fata da irin siffar raini da ya kwaso daga zanen Turawa. An yi ƙorafi a kai bayan mutuwarsa, shi ya sa masu bugawa suke saka bayanin gargaɗi a cikin littattafan.

An ƙiyasta ya bar shafi kusan 150,000 na zane. Ciwon dajin ciki ya kwantar da shi, amma ko a gadon asibiti bai ajiye alƙalami ba. Ya rasu a Tokyo ranar 9 ga Fabrairu 1989 yana da shekara 60, ya bar babban aikinsa Hi no Tori bai kammala ba. A 1994 garin Takarazuka ya buɗe gidan tarihi da sunansa.