Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, Uban Ilmin Aljabara

Daga cikin malaman da Allah ya yi wa baiwar hisabi a zamanin daular Abbasiyawa, babu wanda sunansa ya kai nisan na Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi. An haife shi wajen shekara ta 780 Miladiyya, asalinsa kuwa mutumin Kawarizmu ne, ƙasar da yawancinta ke cikin Uzbekistan a yau. Amma a Bagadaza ya yi zamansa, inda ya yi aiki a Baitul Hikma ƙarƙashin Halifa Ma'amun, wanda ya yi sarauta daga 813 zuwa 833.

Wajen shekara ta 820 ya wallafa littafinsa na Aljabru wal Muƙabala. Ya bayyana a gabatarwarsa cewa ya yi shi ne domin bukatun jama'a na rabon gado, da wasiyya, da shari'a, da ciniki, da awon filaye. Shi ya sa babban kaso na littafin ya tafi a kan mas'alolin wasiyya da gado, domin haƙƙin mutane ba a raba shi da ƙiyasi.

Hanyarsa ita ce a kira adadin da ba a sani ba da sunan shai'u, wato abu. Ga misalin irin mas'alar da hanyar ke warwarewa. Wani falke ya rasu da jarin dirhami 1,000 a hannunsa. Wani kaso na maraya ne, an sa shi a tufafi ya ci ribar ushiri. Saura nasa ne, an sa a hatsi ya ci ribar humusi. Riba duka 160. Nawa ne jarin maraya?

Sai a kira jarin maraya abu. Ribar tufafi ushirin abu ce, ta hatsi kuwa 200 ba humusin abu. In an haɗa su, 200 ba ushirin abu ya yi daidai da 160. Sai a ɗora ushirin abu a kowane gefe don a cike giɓin, wannan shi ne jabru. Sa'an nan a zubar da 160 daga gefen biyu, wannan ita ce muƙabala. Ushirin abu ya zama 40, abu kuwa 400. Ashe jarin maraya 400 ne, na mamaci 600, ba a tauye kowa ba.

Ya kuma rubuta littafi a kan lambobin Indiyawa, da wani a kan taurari, da wani a kan siffar ƙasa. A shekara ta 1145 aka juya littafinsa na jabru zuwa Latin a ƙasar Sifaniya, daga nan Turawa suka sami kalmar aljabara.

Ya rasu wajen shekara ta 850. Rayuwarsa ta nuna cewa koyon hisabi hidima ce ga Shari'a, domin alƙali ko mai rabon gado da bai iya lissafi ba yana iya cin zalun bai sani ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.