Victor Hess, Wanda Ya Auna Hasken Samaniya

An haifi Victor Hess a ƙasar Ostiriya ran 24 ga watan Yuni, 1883. Ubansa mai kula da daji ne a hidimar wani basarake. Yaron ya yi karatu a birnin Graz, daga ƙaramar makaranta har jami'a. A shekarar 1910 ya kama aiki a Biyana, babban birnin ƙasarsu, a wani gida da aka gina musamman domin binciken radiyam.

Shi radiyam ɗin nan wani irin ma'adini ne mai fitar da haske wanda ido ba ya gani, amma yana ratsa takarda da katako da naman jikin mutum. Masanan zamanin suna da abin auna shi. Akwatin ƙarfe ne ƙarami, a cikinsa da zare biyu sirara. In an ɗura musu lantarki sai su rabu da juna. In ɓoyayyen hasken nan ya shiga akwatin, sai lantarkin ya riƙa zurarewa, zaren su riƙa matsowa kusa. Gwargwadon saurin matsowarsu, gwargwadon yawan hasken.

To, akwai abin da ya ɗaure wa masana kai. Ko'ina aka ajiye akwatin nan sai lantarkin ya zurare, ko da babu radiyam kusa. Yawancinsu suka ce ai daga duwatsu da ƙasa hasken ke fitowa. In haka ne, lalle wanda ya yi nisa da ƙasa ya ga ya ragu. A 1910 wani limamin Kirista, Bajamushe, mai suna Theodor Wulf, ya hau hasumiyar Eiffel ta birnin Faris, mai tsawo wajen ƙafa 1,000. Hasken ya ragu, amma bai ragu kamar yadda lissafi ya nuna ba.

Hess ya ga gardama daga ƙasa ba za ta yanke maganar ba, sai mutum ya hau da kansa ya gani. A lokacin jirgin sama yana jariri. Saboda haka ya nemi balan-balan, watau ƙatuwar jaka cike da iska marar nauyi, da kwando rataye a ƙarƙashinta inda mutane ke tsayawa. Ba rufi, ba inji, inda iska ta ga dama nan za ta kai ka. Cikin 1911 da 1912 ya tashi sau da yawa, wani sa'i da dare. Ran 17 ga Afrilu, 1912, ya tashi ana cikin husufin rana, wata ya rufe yawancinta, amma hasken bai ragu ba. Daga nan ya yi zaton ba rana ce tushensa ba.

Babbar tafiyar ita ce ta ran 7 ga Agusta, 1912. Da sassafe ya tashi daga garin Aussig tare da mutum biyu da akwatunan awo uku. Da fari hasken ya ɗan ragu, kamar yadda mutane suka zata. Da suka ƙara sama sai ya soma ƙaruwa, ya yi ta ƙaruwa. Suka kai wajen ƙafa 17,500, inda sanyi ke daskarar da yatsu, numfashi kuma ya yi wuya, ga shi dole ya kafa ido ga zaren nan yana rubuta abin da ya gani. A can hasken ya ninka na ƙasa. Bayan kamar sa'a shida suka sauka kusa da Balin. Hess ya bayyana cewa hasken nan daga sama ya ke shigowa, kuma iskar da ta lulluɓe duniya ita ke tare mana yawancinsa.

Ba kowa ya yarda nan da nan ba. Wani Bajamushe, Werner Kolhörster, ya hau har wajen ƙafa 30,000 a 1914, ya iske abin ya fi haka ƙarfi. Duk da haka sai a 1936 aka ba Hess kyautar Nobel. Yanzu an san hasken samaniya ƙananan ƙwayoyi ne ƙwarai masu gudu kusan kamar hasken rana, yawancinsu daga can nesa cikin taurari.

Murnarsa ba ta daɗe ba. A 1938 mutanen Hitila suka mamaye Ostiriya. Matar Hess Bayahudiya ce, shi kuma ba ya goyon bayansu. Aka kore shi daga aiki, suka tsere zuwa Amurka, ya koyar a Jami'ar Fordham ta birnin New York. Ya rasu ran 17 ga Disamba, 1964, yana da shekara 81.

Ku lura, yara, manyan jiragen sama na yau suna tafiya wajen ƙafa 35,000, ninkin inda Hess ya kai. Fasinja mai tafiya jifa-jifa, abin da ke taɓa shi kaɗan ne. Amma matuƙa da ma'aikatan jirgi suna shafe ɗaruruwan sa'o'i a can kowace shekara, don haka a 1996 ƙasashen Turai suka kafa doka a riƙa lissafta rabon da su ke samu. Jirgin Concorde, wanda ya kan kai ƙafa 60,000 kafin a daina aiki da shi a 2003, har abin awo ya ke ɗauke da shi. An kuma gane ƙarfin maganaɗisun duniya yana kore ƙwayoyin nan, ya fi kore su a tsakiyar duniya. Saboda haka jirgin da ya bi ta kan ƙasashenmu masu zafi bai kai wanda ya ratsa ta ƙuryar arewa shan hasken ba.