Theodosius Dobzhansky, mai binciken ƙudajen da bai bar coci ba

Duk inda gardamar juyin halitta ta tashi, a lakkol ne ko a fada wajen shan shayi, akwai maganar da ba a rasa ji. Wani zai ce ya yarda da ƙaramin sauyi, tunda ga sauro nan ya daina jin maganin feshi, ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta gagari kulorokin. Amma babban sauyi, wato wani jinsi ya fito daga wani jinsin, wannan kam a'a. To, kalmomin nan biyu wani masani ɗan Rasha, Yuri Filipchenko, ya ƙirƙiro su a 1927, kuma shi kansa yana ganin hanyoyinsu daban ne. Ɗalibinsa ne ya zo ya saɓa masa.

An haifi Theodosius Dobzhansky a 1900 a garin Nemiriv na Yukren, lokacin tana ƙarƙashin sarkin Rasha. Tun yana yaro sha'awarsa tara ƙwari. Ya yi karatu a Kiev, ya koma Leningrad wajen Filipchenko a 1924, sannan a 1927 ya samu tallafin zuwa Amurka, ɗakin binciken Thomas Hunt Morgan. Tafiyar ke nan. Bai sake taka Tarayyar Sobiyet ba, kuma da ya koma, wa ya san makomarsa? Ilimin gado ya zama abin zargi a zamanin Stalin, har babban masani Nikolai Vavilov ya mutu a kurkuku a 1943.

Mutanen Morgan a kwalba suke kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun ƴaƴan itace. Shi kuwa Dobzhansky sai ya bi su daji. A duwatsun San Jacinto na Kaliforniya ya riƙa kama su wata bayan wata, yana duba zaren gadonsu da madubin likita. Ya tarar wani tsarin gadon yana yawaita a wani lokacin shekara, yana raguwa idan yanayi ya juya, a sake maimaitawa baɗi. Sauyin da ake cewa sai an yi dubban shekaru, ga shi mutum yana ƙidaya shi cikin watanni.

Amma ƙuda dai ƙuda ne, in ji mai musu, kuma tambayarsa tana kan hanya. Amsar Dobzhansky tana cikin littafinsa na 1937 kan ilimin gado da asalin jinsuna. Idan tsauni ko teku ya raba dangi ɗaya gida biyu, kowane ɓangare yana tara nasa ƙananan sauye-sauyen, har ranar da ko sun haɗu ba za su iya haihuwar zuriya mai ɗorewa ba. Doki da jaki suna haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa. Nan iyakar jinsi take. A ganinsa babban sauyi tarin ƙananan ne cikin dogon zamani, ko da yake bai ɓoye cewa ba wanda zai rayu ya gan shi da ido ba. Har yau masana suna muhawara kan saurin abin da yadda yake gudana, amma mafi yawansu sun tsaya a kan asali guda.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne addininsa. Kirista ne ɗan ɗariƙar Otodoks, kuma bai fita daga cocinsa ba. A wata maƙala da ya rubuta wa malaman makaranta a 1973, ya nuna cewa shi ya yarda da Mahalicci ya kuma yarda da juyin halitta: a wurinsa halitta aiki ne da ke ci gaba, littafi mai tsarki kuma ba littafin koyon kimiyya ba ne. Wannan matsayi bai gamsar da kowa ba. Masu bin nassi kalma da kalma sun ƙi shi, wasu abokan aikinsa marasa addini suka ɗauke shi rauni. Ɗalibinsa Francisco Ayala ma ya rubuta cewa malamin mai addini ne, amma da alama bai riƙe wasu ginshiƙan aƙidar Kirista ba, kamar rayuwa bayan mutuwa.

A 1968 likitoci suka gano yana da sankarar jini. Bai ajiye aiki ba, ya koma jami'ar Kaliforniya a Davis a 1971, yana ta kiwon ƙudajensa. Ya rasu ranar 18 ga Disamba 1975, aka watsa tokar gawarsa a dajin Kaliforniya.