Walter Rodney

Walter Anthony Rodney (an haife shi ranar 23 ga watan Maris, 1942, ya mutu ranar 13 ga watan Yuni, 1980) masanin tarihi ne, malamin jami'a kuma ɗan gwagwarmayar siyasa daga ƙasar Gayana da ke Kudancin Amurka. An fi saninsa da littafinsa na shekarar 1972 mai suna How Europe Underdeveloped Africa, wanda ya yi bayanin yadda Turai ta jefa Afirka cikin koma baya. Masana zamantakewa na sanya shi cikin waɗanda suka fara nazarin alaƙar da ke tsakanin dunƙulewar kasuwannin duniya da tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Rodney a birnin Georgetown lokacin da Gayana take ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne, mahaifinsa tela ne. Ya yi sakandare a Queen's College da ke Georgetown, daga nan ya samu tallafin karatu zuwa jami'ar West Indies da ke Mona a ƙasar Jamaika, inda ya kammala digirin farko a fannin tarihi a 1963 da sakamako mafi daraja.

Ya wuce Landan, zuwa makarantar nazarin Gabas da Afirka da aka fi sani da SOAS, ya samu digirin digirgir a 1966 yana da shekara 24. Bincikensa ya shafi tarihin gaɓar tekun Gini ta sama daga 1545 zuwa 1800, kuma an buga shi littafi a 1970. A zamansa na Landan ya riƙa halartar zaman karatu a gidan C. L. R. James, marubuci ɗan ƙasar Tirinidad mai bin ra'ayin Markisanci.

Koyarwa da kora daga Jamaika

Rodney ya fara koyarwa a Darussalam ta Tanzaniya a 1966. A 1968 ya koma jami'arsa ta Mona yana koyar da tarihin Afirka. Bai tsaya a aji kaɗai ba, yakan shiga unguwannin talakawa na Kingston ya zauna da matasa marasa aikin yi da mabiya Rastafari suna tattaunawa. Wannan ya sa gwamnatin Firaminista Hugh Shearer ta sa masa ido. A watan Oktoba na 1968 ya je taron marubuta baƙaƙen fata a Montreal ta Kanada, da ya dawo sai aka hana shi shiga ƙasar. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, ta rikiɗe ta zama tarzoma a Kingston, wadda har yau ake kiranta da sunansa. An tattara jawabansa na wannan lokaci a littafin The Groundings with My Brothers a 1969. Ya koma Tanzaniya ya ci gaba da koyarwa har zuwa 1974, zamanin mulkin Julius Nyerere.

Ra'ayinsa kan rashin daidaito a duniya

Ginshiƙin tunanin Rodney shi ne cewa arzikin Turai da talaucin Afirka abu guda ne ya haife su. A ganinsa koma baya ba mataki ba ne da kowace ƙasa take farawa da shi kafin ta ci gaba. Sakamako ne na irin alaƙar da aka ƙulla tsakanin ƙasashe. Ya nuna cewa kafin ƙarni na 15 al'ummomin Afirka suna da nasu tsarin mulki, da saƙa, da ƙira, da fatauci mai nisa.

Ya kawo hanyoyi da dama da dukiya ta bi ta fita. Cinikin bayi ta tekun Atilantika ya kwashe matasa majiya ƙarfi, ya kuma hura wutar yaƙe-yaƙe. Mulkin mallaka ya tura kowace ƙasa ga noman amfanin gona ɗaya ko biyu, ko haƙar ma'adinai, ana sayensu da arha, a sarrafa su a masana'antun Turai, a dawo da su da tsada. Ya yi dogon bayani kan ribar da kamfanoni irin su United Africa Company da Unilever suka samu. Ya kuma lura cewa layukan dogo na wancan zamani daga cikin ƙasa suke tasowa su nufi tashar jiragen ruwa, ba su haɗa maƙwabta da juna ba. Layin dogon da ya iso Kano a 1911, wanda ya riƙa kwasar gyaɗa zuwa Legas, misali ne na wannan tsari.

Wannan fahimta ta yi kusa da ta Andre Gunder Frank da Samir Amin, masu nazarin dogaron ƙananan ƙasashe ga manya. Masu suka sun ce ya rage wa dalilan cikin gida nauyi, kamar rashin shugabanci nagari, sun kuma kafa hujja da Koriya ta Kudu da Taiwan waɗanda suka bunƙasa ta hanyar ciniki da waje. Magoya bayansa kuwa suna nuni da cewa har yanzu ƙasashen Afirka da yawa ɗanyun kaya suke fitarwa, kamar ɗanyen mai da koko da yuraniyom.

Komawa Gayana da mutuwarsa

A 1974 Rodney ya koma gida domin karɓar kujerar farfesa a jami'ar Gayana, amma gwamnatin Forbes Burnham ta sa aka janye naɗin. Ya shiga ƙungiyar Working People's Alliance, wadda ta yi ƙoƙarin haɗa kan ma'aikata 'yan asalin Afirka da 'yan asalin Indiya, waɗanda siyasar ƙasar ta daɗe da raba su. A 1979 aka kama shi, aka tuhume shi da ƙona ofisoshin gwamnati.

Ranar 13 ga watan Yuni, 1980, bam da aka ɓoye cikin na'urar oba-oba ya tashi da shi a cikin mota a Georgetown. Ya mutu yana da shekara 38, ƙaninsa da ke tare da shi ya ji rauni. Wani sojan Gayana mai suna Gregory Smith ne ya ba da na'urar, ya kuma tsere zuwa Gayana ta Faransa inda ya mutu a 2002. Kwamitin bincike da aka kafa a 2014 ya ba da rahotonsa a 2016, inda ya ɗora alhakin kisan a kan jami'an gwamnati, ya kuma ce da sanin Burnham aka yi.

Rodney ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku. An buga littafinsa kan tarihin ma'aikatan Gayana daga 1881 zuwa 1905 a shekarar 1981, bayan mutuwarsa. Har yanzu ana karanta ayyukansa a sassan tarihi, kimiyyar siyasa da nazarin zamantakewa na jami'o'in Afirka da yankin Karebiyan.