W. F. R. Weldon

Walter Frank Raphael Weldon (15 ga Maris, 1860 – 13 ga Afrilu, 1906) masanin ilimin dabbobi ne ɗan ƙasar Ingila. Yana cikin waɗanda suka fara amfani da lissafi wajen auna bambancin girma da siffar jiki tsakanin dabbobi 'yan jinsi ɗaya.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a unguwar Highgate da ke Landan. Mahaifinsa, Walter Weldon, masanin sinadarai ne kuma ɗan jarida. Ya fara karatun likitanci a Landan, daga baya ya koma Jami'ar Kambirij ya karanci ilimin dabbobi. Ya auri Florence Tebb a 1883, wadda ta riƙa taya shi awo da lissafi.

Bincike

Littafin da Francis Galton ya wallafa kan gado a 1889 ne ya sauya masa alkibla. Ya fara da jatan lande, sannan ya koma kan ƙaguwa. A 1893 ya kwatanta ƙaguwa 1,000 daga Naples ta Italiya da wasu 1,000 daga Plymouth ta Ingila. Faɗin goshin na Naples bai taru a matsakaici guda ba, abin da ya sa ya yi zargin rukuni biyu ne a cakuɗe. Abokinsa Karl Pearson ya ƙirƙiro hanyar lissafin rarrabe su a 1894.

A Plymouth kuma, ya zuba ƙaguwa cikin ruwa mai laka, ya ga masu siririn goshi sun fi rayuwa. Ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa muhalli na tace ƙananan bambance-bambance.

A 1901 shi da Pearson da Galton suka kafa mujallar Biometrika.

Saɓani da Bateson

Tsohon ɗalibinsa William Bateson, mai bin ra'ayin Mendel, ya dage cewa sababbin siffofi kan bayyana ne farat ɗaya. Weldon kuwa yana ganin a hankali suke taruwa. Sai a 1918 Ronald Fisher ya nuna cewa ƙwayoyin gado masu yawa, kowace da ɗan tasirinta, na iya haifar da irin bambancin da Weldon ya auna.

Rasuwa

Ciwon huhu ya yi ajalinsa yana da shekara 46, lokacin yana farfesa a Jami'ar Oxford, wadda ke ba da lambar yabo da sunansa. Har yau masana kiwo a Najeriya na bin irin wannan hanya wajen auna tsayi da ƙirjin dabbobi kamar jar akuyar Sakkwato da shanun Bunaji.