Antoine Lavoisier: mai karɓar harajin da ya ɗora wuta a kan sikeli

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin kimiyya yana daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, da ƙa'idar Antoine Lavoisier yake aiki, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Ƙa'idar ita ce: idan sinadarai suka haɗu suka rikiɗa, nauyin abin da ya shiga daidai yake da nauyin abin da ya fito. Babu abin da ke ɓacewa, kamanni ne kawai ke sauyawa.

An haifi Lavoisier a birnin Paris na Faransa ranar 26 ga Agusta 1743, a gidan masu hali. Mahaifinsa lauya ne, shi ma shari'a ya karanta, amma hankalinsa na wajen kimiyya. A 1768, yana ɗan shekara 24, aka zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta Faransa. A wannan shekarar kuma ya sayi hannun jari a Ferme générale, kamfanin da ke karɓar wa sarki harajin gishiri da taba da kayan da ake shigowa da su birni. Daga nan ya samu kuɗin sayen sikeli masu tsada da sauran kayan gwaji.

A zamanin, masana sun yarda cewa duk abin da ke cin wuta yana ɗauke da wani sinadari da ake kira fulojiston, wanda ke fita idan abin ya ƙone. Ga ido, maganar ta yi kama da gaskiya: a ƙona buhun gawayi, sai a tarar da ƴar toka kaɗan. To amma a 1772 Lavoisier ya ƙona farar wuta da fosfor, ya auna, ya ga nauyinsu ƙaruwa ya yi. Idan wani abu ne ke fita, daga ina ƙarin ya zo?

Sai ya koma yin gwaji cikin kwalba rufaffiya. Ya zuba kuza, ya toshe bakin, ya auna, ya gasa, ya sake aunawa. Kuzar ta sauya kama, amma nauyin kwalbar da abin da ke cikinta bai motsa ba. Da ya buɗe, iska ta kutsa ciki. Wato kuzar ta ɗebi wani abu ne daga iskar da ke cikin kwalbar.

A 1774 wani masani ɗan Ingila, Joseph Priestley, ya zo Paris ya ba shi labarin wata iska da ya samu, wadda kyandir ke ci bal-bal a cikinta. Lavoisier ya bi diddigi. Ya gasa zaiba kwana 12 cikin iskar da aka killace, har jan gari ya taru a samanta, iskar kuma ta ragu. Ragowar iskar tana kashe kyandir. Da ya ƙara wa jan garin wuta, zaibar ta dawo, iskar da ta ɓace ita ma ta dawo. Ya raɗa mata suna oksijen.

Da wannan aka gane mene ne ƙonewa: haɗuwar abu ne da oksijen. Gawayin da ya ƙone bai ɓace ba, karbon ɗinsa ne ya haɗu da oksijen ya zama iska ya tashi. Giram 12 na karbon da giram 32 na oksijen suna ba da giram 44 na iskar karbon. Tsatsar da ke cin kwanon rufi ita ma haɗuwar ƙarfe ce da oksijen, sannu a hankali, idan akwai laima. Shi da abokin aikinsa Pierre-Simon Laplace sun nuna cewa numfashi ma irin wannan ƙonewar ce, daga cikinta jiki ke samun ɗumi. A 1783 suka ƙona idrojen cikin oksijen suka samu ruwa, abin da ya rushe tsohon zaton cewa ruwa ba a haɗa shi daga komai.

Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Matarsa Marie-Anne Paulze, wadda ya aura a 1771, ta koyi Ingilishi tana fassara masa rubuce-rubucen masanan Ingila, tana rubuta sakamakon gwaji, ita ce kuma ta zana hotunan kayan aikin da ke cikin littafinsa. A 1787 shi da wasu masana uku suka tsara sabuwar hanyar sa wa sinadarai suna, ta yadda sunan zai faɗi abin da ke ciki. A 1789 ya fitar da Traité élémentaire de chimie, inda ya jera tushen sinadarai 33. Ya yi kuskure a wasu: ya sa haske da zafi a jerin, ya kuma ɗauka duk wani asid yana da oksijen. Wani Barashe, Mikhail Lomonosov, ya riga shi faɗin ƙa'idar nauyi, amma gwaje-gwajen Lavoisier da littafinsa ne suka sa duniya ta karɓa.

A shekarar da littafin ya fito aka fara juyin juya halin Faransa. Talakawa sun daɗe da jin haushin masu karɓar haraji, musamman bayan katangar da kamfanin ya zagaye Paris da ita don hana fasa-ƙwauri. Aka kama Lavoisier da abokan aikinsa, aka yanke musu hukunci. Ranar 8 ga Mayu 1794 aka sare kansa tare da mutum 27, ciki har da surukinsa. Yana da shekara 50.

Har yau, idan malami ya ce a ƙidaya ƙwayoyin zarra na hagu da na dama har su zo daidai, sikelin Lavoisier ne ake ɗagawa a kan allo.